Suna Linzami Ne: Darasi Kan Faɗaɗa Sunan Haja

Wannan rubutu na yi shi ne musamman domin 'yan ajin ƙarshe na sashen Kasuwanci, ganin jarrabawa ta ƙarato. Amma ina fata 'yan Injiniya da 'yan Kimiyyar Abinci ma ba za su tsallake shafin ba, domin kusan kowannenmu yana da wata 'yar sana'a da yake taɓawa, ko wadda yake shirin farawa da zarar difloma ta shigo hannu. A aji da Turanci ake koya mana darasin, ni kuwa a nan zan kira shi faɗaɗa suna. Ma'anarsa ita ce kamfani yana da wani kaya da ya riga ya yi suna, sai ya fito da sabon kaya ya liƙa masa wancan tsohon sunan, da fatan albarkacin kaza ƙadangare zai sha ruwan kasko.

Me ya sa kamfanoni ke son wannan dabara? Saboda kuɗi. Raya sabon suna tun daga tushe aiki ne mai cin dukiya. Sai an biya rediyo da talabijin, an kafa alluna a bakin titi, an ɗauki matasa an sa musu riguna masu tambari suna bin kasuwanni da lasifika suna rabon bokiti da kofuna. Duk da haka babban dila a Kasuwar Singa ba zai zuba kuɗinsa a katan ɗari biyar na abin da bai taɓa ji ba. Lokacin da na yi SIWES a wani shagon sari a can, na ga wannan da idona. In wakilin kamfani ya zo da sabon kaya mai tsohon suna, farashi kawai maigidanmu yake tambaya. In kuwa sunan baƙo ne, sai ya ce a ajiye katan biyu a gani, in an sayar a biya, kuma can ƙuryar sito za a tura su. Tsohon suna yana buɗe ƙofar ɗan kasuwa tun kafin a kai ga ta mai saye.

Akwai wani bambanci da malamai ke son tambaya a jarrabawa, don haka ku riƙe shi. Idan sabon kayan ɗan ɗaki ɗaya ne da tsohon, ɗanɗano ko girma ko ƙamshi kawai aka sauya, wannan faɗaɗawar cikin gida ce. Indomie mai kaza, mai albasa, da Hungry Man, da Belleful, duk taliya ɗaya ce. Idan kuwa sunan ya bar layinsa ya shiga wani layin kaya dabam, to ya tsallaka katanga. Dettol ruwan kashe ƙwayoyin cuta ne a kwalba kafin ya zama sabulun wanka. MTN layin waya muka san shi da shi, sai a 2022 ya buɗe bankin MoMo. Ta farkon ba ta da haɗari sosai. Ta biyun ita ce wadda ake cin riba mai yawa ko a tafka asara, kuma a kanta zan fi tsayawa.

A shekarar 1990 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, David Aaker da Kevin Lane Keller, suka wallafa wani bincike a mujallar Journal of Marketing, wanda har yau da wuya littafi ya taɓo wannan batu bai ambace shi ba. Abin da suka yi ko mu za mu iya yin irinsa a furojet. Sun ɗauki sanannun sunaye shida, suka ƙirƙiro musu sababbin kaya ashirin a takarda, suka tambayi ɗalibai irinmu me suke gani. Abin da ya fito shi ne, ingancin tsohon kaya ba ya bin suna zuwa sabon kaya haka siddan, sai in mai saye ya ga dacewa tsakaninsu. Dacewar kuma takan zo ta fuska uku. Ko dai ana amfani da kayan biyu tare, kamar buroshi da man goge baki. Ko ɗaya na iya maye gurbin ɗaya, kamar madarar ruwa da ta gari. Ko kuma mai saye ya yarda cewa hannun da ya iya wancan zai iya wannan. Manomin da ya san babur ɗin Honda ba ya musu in aka nuna masa injin ban-ruwa ko janareto na Honda, domin a ransa duk inji ne. Binciken ya nuna ta farko da ta uku sun fi ta tsakiya nauyi.

Abin da ya fi burge ni a binciken wani ɗan ƙaramin misali ne. Cikin sunayen akwai Crest, man goge baki da ake girmamawa a can. Da aka ce wa ɗaliban ga cingam na Crest, a lissafi ya kamata ya dace, tunda duk harkar baki ce. Amma da yawansu sai suka ce suna jin zai yi ɗanɗanon man goge baki. Ka ga suna ba ya tafiya da alherinsa kaɗai, da dukan kayansa yake ƙaura. Kamfani yana so ya ɗauki “inganci” ya bar “ɗanɗano” a gida, mai saye kuwa bai san wannan rabon ba.

Kamfanin Bic na Faransa ya ɗanɗana wannan. Biro ɗin nan da muke rubuta jarrabawa da shi ya fito a 1950. A 1973 suka yi laita, a 1975 suka yi reza. Biro da laita da reza ba su da wata dangantaka a ido, amma duk sun karɓu, domin abin da mutane suka fahimta da Bic shi ne roba mai arha, tana aiki, in ta ƙare ka yar. Sai a ƙarshen shekarun 1980 suka fito da turare, cikin 'yan shekaru suka janye shi. Wa zai so a tambaye shi wane turare ya sa, ya ce irin na yarwa?

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne littattafan da aka rubuta a waje ba su cika taimakonmu ba. Mu Hausawa muna da wata ɗabi'a: in suna ya yi ƙarfi sosai, sai harshenmu ya haɗiye shi ya mai da shi sunan abin gaba ɗaya. In Umma ta ce a sayo omo, ba lallai Omo na kamfanin Unilever take nufi ba. In ka kawo Viva ko Klin ba za ta ce ka yi kuskure ba. Duk man goge baki makilin ne. Duk ƙunzugun jarirai famfas ne. Duk dunƙulen miya magi ne, har Ajinomoto, wanda kamfanin Japan ne dabam, farin magi muke ce masa. Mai shayin bakin get kuwa in ka ce ya dafa maka indomi, ko wace iri ya ɓare, indomi ka ci.

A ido wannan babbar nasara ce, kuma lallai nasara ce. Sai dai tana da tarko biyu. Na farko, abokin gasa yana cin arzikin sunanka, tunda mai shago zai miƙa abin da ya fi ba shi riba ya ce ga omon. Na biyu, wanda shi ne ya shafi darasinmu, sunan da ya zama abin kansa ba ya iya fita daga abin. Gwada faɗin “lemon Omo” ko “biskit ɗin makilin” ka ji yadda bakinka zai yi.

Labarin Maggi shi ya fi fito da wannan fili. Asalinsa daga Suwizalan ne, dunƙulen ya fito a 1908, kuma tun 1947 yake hannun Nestlé. A wurinmu Maggi yana nufin abu ɗaya, wato dunƙulen da ake marmasawa a miya, shi ya sa duk faɗaɗawar da ya yi a nan a bakin tukunya take: mai tauraro, mai kaza, mai ɗanɗanon kirafish, da garin haɗin jalof. Amma a Indiya, inda Nestlé ta shigar da taliyar Maggi a farkon shekarun 1980, in yaro ya ce yana son Maggi, abin da muke kira indomi yake nufi. Kamfani ɗaya, tambari ɗaya, ja da rawaya iri ɗaya, amma abin da sunan zai iya ɗauka a Kano dabam, a Mumbai dabam. Takardar mallakar suna tana ofishin kamfani, ma'anarsa kuwa a kan masu saye take, kuma su ne ke riƙe da linzamin.

Masu Indomie sun gane wannan sarai. Indomie asalinta daga Indonesiya take, a nan kuma kamfanin Dufil ke yin ta, da masana'antu a Ota da Fatakwal da Kaduna. Da suka tashi shiga harkar man girki da taliyar leda doguwa, ba su ce man Indomie ba, duk da babu sunan abinci da yaran ƙasar nan suka sani kamarsa. Suka ce Power Oil da Power Pasta, cincin ɗinsu kuma Minimie. Haka Promasidor, masu Cowbell. Madarar ta yi 'ya'ya a cikin gida, akwai mai cakulan, akwai mai kofi. Amma da suka zo kayan miya sai suka ce Onga, ganyen shayi kuma Top Tea. Wani lokaci gwanintar ita ce ka san inda za ka ajiye sunanka ka biya kuɗin raya sabo.

To, a nan wani zai ɗaga hannu ya ce, Dangote fa? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma mun yi doguwar gardama a kanta wani dare a hostel. Sukari, gishiri, siminti, takin zamani, ga matatar mai ta Lekki da aka ƙaddamar a 2023 mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, duk suna ɗaya. Ba a cin siminti da sukari tare, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya, kuma injin da ke niƙa dutse a Obajana ba shi da alaƙa da wanda ke tace sukari a Apapa. In ma'aunin Aaker da Keller kaɗai za mu bi, da tuni abin ya rushe. Ga shi kuwa bai rushe ba.

Amsar tana cikin wani bincike da ya biyo baya a 1991, na Park da Milberg da Lawson. Su suka ce bayan kamannin kaya, akwai dacewar ma'ana. Sun kwatanta agogon Timex da na Rolex. Timex a ran mutane agogon aiki ne, don haka kayan aiki ne ke dacewa da shi. Rolex kuwa alfarma yake nufi, don haka zai iya hawa kan kayan ƙawa da ba su da alaƙa da duba lokaci. Idan muka kawo wannan gida, sai mu tambayi kanmu: in Bahaushe ya ji Dangote, me ke zuwa ransa? Ni dai abin da nake ji a bakin mutane shi ne girma, da tirela, da buhu, da kayan da ba ya yankewa a kasuwa. Sunan mutum ne, ɗan Kano da kowa ya san labarin arzikinsa, bai manne da ɗanɗano ko ƙamshin wani abu ɗaya ba. Kayan da ya yi nasara a kansu kuwa duk irin waɗanda ake saye da buhu ne, inda abin da mai gini ko mai gidan burodi ko manomi ke so shi ne awo ya cika, kaya ya samu gobe kamar yadda ya samu yau. A wannan ma'anar siminti da sukari 'yan gida ɗaya ne.

Amma ku dubi abin da ya faru da sunan ya shiga inda yaro da ɗalibi ke zaɓe da harshe. Dangote ya yi taliyar 'yan-yara irin ta Indomie, da sunansa a jikin ledar. A 2017 aka sayar da masana'antun taliyar ga kamfanin De United Foods, wato ɓangaren masu Indomie ɗin da ake gasa da su. Kamfanin ya ce yana so ya mai da hankali kan fulawa da taliyar leda ne, sai kuma a 2019 aka sayar da kamfanin fulawar kansa ga Olam. Akwai lissafin jari a cikin wannan, ba batun suna kaɗai ba ne. Amma a ganina suna ya taka rawa. Girma da tirela ba su ne ke sa yaro ya ja zanen uwarsa a bakin shago ba, kuma kujerar da ake nema a ran yaron tuni wani ya zauna a kai, har an sa wa kujerar sunansa.

Sai batun farashi, wanda zan taɓa a gurguje. Suna yana da wuyar hawa sama, kuma saukowa ƙasa tana zubar masa da ƙima. Da Toyota ta so sayar da motocin alfarma a 1989, Lexus ta kira su. Wayoyin itel da Tecno da Infinix da ke hannunmu duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, har da caja da abin kunne na Oraimo. An raba sunayen ne domin mai ƙaramin ƙarfi da mai son a gani kowa ya ji an yi da shi. Peak da Three Crowns ma gida ɗaya suka fito.

Haɗarin da ya fi girma shi ne wanda ke komowa baya. In kaya goma suna cin suna ɗaya, laifin ɗaya na kowa ne, wake ɗaya shi ke ɓata gari. A watan Yunin 2015 hukumar kula da abinci ta Indiya ta haramta taliyar Maggi bisa zargin dalma ta yi yawa a ciki. Kotu ta ɗage haramcin, aka sake gwaji, taliyar ta dawo kasuwa a watan Nuwamba, amma kafin nan an lalata dubban tan na kaya, kuma sunan Maggi ne ya yi watanni yana yawo a jaridun duniya tare da kalmar guba. Mai karanta kanun labari ba ya tsayawa ya bambance taliya da dunƙule.

Kada wani ya ce wannan duk labarin manya ne. Wata 'yar ajinmu tana yin zoɓo da kunun aya, ta buga sitika mai kyau da suna, kuma duk wanda ya zauna a hostel ɗin mata ya san gorarta. Da muka yi darasin koyon sana'a aka koya mana haɗa sabulun ruwa, sai ta ga ai ga kasuwa, ga sitika ta riga ta buga da yawa. Ta zuba sabulun a irin gorar zoɓon, ta manna suna ɗaya, ta ɗora hotunansu tare a sitatus na WhatsApp. Ba a yi sati biyu ba samarin ajin suka fara tsokana, wai zoɓon yau yana kumfa ne? Wasa ne, amma wasan ya shiga ran mutane. Wata ta ce mata gaskiya, tun da ta ga hoton take tunanin ko a bokiti ɗaya ake haɗa su. Wata matar aure a ajin kuma ta ce ita tsoronta kada yaronta ya ga gorar da ya saba sha ya kafa kai. Cinikin zoɓon da bai yi laifin komai ba shi ya ja baya. Daga baya ta sauya wa sabulun gora da suna, tsohon sunan kuma ta ƙara masa lemon citta da cincin, waɗanda suka shige ba tare da ta yi wa kowa bayani ba.

Ku lura da abin da ya faru a nan, domin yana nuna yadda mai saye a wurinmu ke hulɗa da suna. Ba rubutun kaɗai yake karantawa ba. Da yawa daga cikin iyayenmu da launi da hoto da siffar mazubi suke gane kaya, shi ya sa za ka ji an ce mai tauraro, ko mai kan saniya, ko mai jan murfi. Gora da launi ɓangare ne na suna, ko ka yi musu rajista ko ba ka yi ba. Sannan hukuncin ba a kaɗaice ake yanke shi ba. A majalisa ake yanke shi, da gidan biki, da guruf ɗin aji, inda barkwanci ɗaya zai iya yin abin da tallar wata guda ba ta yi ba.

Ga mai 'yar sana'a da ke tunanin ƙara kaya, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Samu mutum ashirin cikin masu sayen kayanka, ban da abokanka na kusa da 'yan gidanku, domin su ba za su so ɓata maka rai ba. Ka faɗi sunan, ka ce su faɗi abin da ya fara zuwa ransu, ka rubuta kalmar farko kawai. In yawancinsu sun ambaci kayan kansa, kamar zoɓo ko sanyi ko zaƙi, sunanka na kusa ne, kada ka kai shi nesa da abin sha. In kuwa sun ce tsafta, ko cika alkawari, ko ba ta ha'inci, to kana da sunan da zai iya tafiya. Bayan nan sai ka haɗa sunan da sabon kayan ka faɗa da ƙarfi, ka dubi fuskarsu kafin su yi magana. Masu neman batun furojet, wannan ma ya isa babi na uku in aka faɗaɗa shi aka tsara tambayoyin.

Akwai kuma ɓangaren doka da ɗalibai ke yawan mantawa. Rajistar sunan kasuwanci a CAC ba ita ce rajistar tambari ba. Ta tambari a wani ofishi dabam ake yin ta, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma aji-aji ake yi. Azuzuwan 45 ne. Lemo da sauran abin sha marasa sa maye suna aji na 32, sabulu yana aji na 3, kayan fulawa irin su cincin da biskit suna aji na 30. In ka yi rajistar sunanka a aji ɗaya, ba ta rufe maka sauran ba, wani zai iya riga ka a can. Lambar NAFDAC ma kowane kaya da tasa, don haka lambar zoɓo ba ta hawa kan gorar lemon citta ko da suna ɗaya ne a jikinsu.